Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga manyanmu a harkar safiyo da taswira a Gombe, kan maganar satifiket ɗin GIS

Assalamu alaikum warahmatullah.

Zuwa ga iyayenmu manyan safiyo, da malamanmu na jami'a da na foli, da shugabannin ofisoshi da kamfanonin da ke ɗaukar masu aikin taswira a jihar Gombe. Allah ya ƙara girma, ya ja da kwana. Ni ɗanku ne, kuma ɗalibin wasunku, na karanta jogirafi na yi bautar ƙasa na dawo gida, yanzu shekara biyar kenan da aikin GIS, wato haɗa taswira da bayanan wurare a kwamfuta, nake ci nake sha. Ba a karan kaina kawai nake magana ba, muna da wani ɗan zaure a WhatsApp na matasan da ke wannan sana'a, akwai 'yan cikin gari akwai 'yan Kumo da Billiri da Bajoga da Dukku, har da 'yan uwanmu na Bauchi, su suka ce in rubuta tunda wai ni ne mai dogon baki a cikinmu. In an ga kuskure nawa ne, a yi min afuwa.

Abin da ya tayar da maganar shi ne wata sanarwar ɗaukar aiki da ta fito kwanakin baya. Wani kamfani ne ya samu kwangilar tattara bayanan gidaje da filaye, ba zan kama suna ba don ba faɗa na zo yi ba, ya ce yana neman matasa kuma sharaɗi shi ne mutum ya zo da satifiket na GIS. Shi kenan, ba a ce wane iri ba, ba a ce daga ina ba. Muka je da yawanmu. Ranar intabiyu ko kwamfuta ɗaya ba a kunna ba, wallahi ko ɗaya, fayil kawai ake buɗewa a ƙirga takardu, wanda ya fi tulin takarda shi ne gwani. Akwai wata 'yar uwarmu da ta yi shekaru tana wannan aiki, in ka ba ta hoton tauraron ɗan adam na unguwa guda kafin la'asar ta fitar maka da gidajen ɗaya bayan ɗaya da lungunansu, aka ce mata ta yi haƙuri ba ta da satifiket. Aka ɗauki wani yaro da na sani sarai, yaron kirki ne ba ni da matsala da shi, amma bitar kwana uku ya yi a wani otal aka ba shi takarda mai ruwan gwal a gefe, bayan sati biyu shi ne yake kirana da daddare wai yaya, ya ake shigar da kodinet, wato lambobin da ke nuna inda wuri yake, daga Excel cikin QGIS, manhajar da muke zana taswira da ita.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba cewa nake takarda banza ce ba, ni ma ina son ta, kuma na san mai ɗaukar aiki ba boka ba ne da zai kalli goshin mutum ya san ya iya ko bai iya ba, dole ya nemi wata shaida. Tambayarmu ita ce shaidar me takardar take bayarwa, kuma wa ya tsaya mata.

Kukanmu na farko kenan, satifiket ɗin GIS a garin nan ya zama kamar katin ɗaurin aure, duk mai firinta zai iya bugawa. Mutum zai kama ɗakin taro, ya sa talla a Facebook, a biya kuɗi, rana ta farko a sha fama da sa manhaja a laftof saboda rabin laftof ɗin ba za su ɗauka ba, rana ta biyu a nuna yadda ake canza wa taswirar Najeriya launi, rana ta uku a ci shinkafa a ɗauki hoto a raba takarda. Ba jarrabawa, ba wanda ya taɓa faɗuwa. To takardar da ba a faɗuwa kafin a same ta me take tabbatarwa banda cewa mutum ya biya kuma ya zauna a kujera? Ba duka masu koyarwar ne haka ba, akwai masu tsoron Allah da ke koyarwa da gaske, amma a gaban mai intabiyu takardarsu da ta ɗan damfara duk ɗaya ne, kuma su wannan ya fi cuta.

Wani zai ce to mene ne a ciki, ai taswira ce kawai. Ranku ya daɗe ku kun fi ni sanin ba haka ba ne, amma bari in faɗa saboda sauran masu karatu. Tsofaffin takardun safiyo na ƙasar nan an yi su ne a kan ma'aunin da ake kira detom ɗin Minna, wanda tushensa yana kusa da garin Minna, shi kuwa GPS na waya da Google Earth da yawancin hotunan sama da muke saukewa suna kan wani ma'aunin daban ne, na duniya baki ɗaya, mai suna WGS84. Lambobin suna kama da juna sosai, duka za ka gan su a shiyya ta 32 ta UTM, tsarin da ya raba duniya shiyya-shiyya don auna wuri da mita, inda Gombe da Bauchi suka faɗo, amma ba wuri ɗaya suke nunawa ba. In ka ɗauki kodinet na Minna ka zuba shi a manhaja ka bar ta tana zaton na WGS84 ne, filin zai tashi daga inda yake ya matsa da mita 70 zuwa sama da 100. Manhajar ba za ta yi maka gardama ba, za ta zana maka shi tsaf da kyau kamar gaske. Yanzu ku auna da fulotin da muka saba, ƙafa 50 bisa 100, wato wajen mita 15 bisa 30. Kenan kuskure ɗaya da bai ɗauki minti guda ba ya isa ya tsallake da filin mutum fuloti biyu uku ya dire shi a tsakar gidan wani, ko a kan titi, ko cikin kwari.

Na ga wannan da idona. Kawuna yana da fili a bayan gari wajen hanyar Bauchi, tun ina firamare ya saya, takardunsa cif. Maƙwabcinsa ya tashi sayar da nasa, mai saye ya ce sai an duba masa a kwamfuta, aka samo wani mai satifiket ya ɗora tsofaffin lambobin a kan hoton sama ya buga a takarda mai launi, sai ga shi wai katangar kawu tana cikin filin maƙwabci gaba ɗaya. Mutanen da suka shekara ashirin suna sallah a sahu ɗaya, matansu suna biki tare, aka daina gaisawa. Magana ta je gaban mai unguwa, shi kuma bawan Allah ya ga takarda daga kwamfuta ya ɗauka yankan wuƙa ce. Sai da aka kira safiyo mai rajista ya zo da na'urarsa ya nemo duwatsun kan iyaka inda aka binne su tun farko, kowa yana wurinsa, ko taku ɗaya ba wanda ya ci na wani. Kuɗin safiyo kawu ya biya, zumuncin kuma har yau bai koma yadda yake ba. Shi kuwa wanda ya buga takardar ba abin da ya same shi, ba inda za a kai ƙararsa, satifiket ɗinsa yana nan a fayil gobe ma zai nemi aiki da shi.

Kuma ba detom kaɗai ba. Akwai masu ɗaukar kan iyakar fili da GPS na waya, alhali waya ko a fili fetal ba bishiya ba rufi tana iya kaucewa da mita 3 zuwa 5, ita kuwa na'urar safiyo ta gaske santimita take aunawa. Waya ta isa a nuna inda rijiyar burtsatse take ko asibitin sha ka tafi, amma ba ta isa raba gado ba. Sanin wannan bambancin shi ne aikin, ba iya danna maɓalli ba. Ga mu a garin da zaizayar ƙasa ke cin gidaje duk damina, duk wanda ya san kwaruruwan cikin Gombe ya san abin da nake faɗa, in wanda ya zana hanyar ruwa bai san ingancin bayanan tudu da gangaren da ya sauke daga intanet ba, sai a zuba kwalbati inda ruwa ba ya bi.

Kuka na biyu kishiyar na farko ne. Wasu ofisoshin, musamman masu aiki da kuɗin ƙungiyoyin waje, da suka gane takardun gida ba su da tabbas sai suka tsallaka can ɗaya gefen, ka ga sanarwa an rubuta ana son mai GISP ko mai takardar Esri, kai da gani ka san daga intanet aka kwafo sharuɗɗan. GISP takarda ce mai daraja ba musu, wata cibiya ce a Amurka take bayar da ita, sai mutum ya yi shekara huɗu cur yana aikin, ya gabatar da shaidar karatunsa da ayyukansa da gudummawar da ya ba sana'ar, ya ci jarrabawa, ya sa hannu a kan ƙa'idojin ɗa'a, sannan duk bayan shekara uku ya sabunta. Ita kuma ta Esri, kamfanin da ke yin manhajar taswira ta ArcGIS, jarrabawa ce a kan manhajarsu. Duka biyun da dala ake biya. Kowa ya san abin da ya samu naira tun 2023, dalar da ake saya ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Yaron da ake biya alawus na wucin gadi, wata uku da aiki wata biyar ba aiki, ina zai samo? Sannan aikin da ake tallar na matakin farko ne, ta yaya za a nemi takardar da sai an shekara huɗu ana aiki ake samu a wajen wanda yanzu yake neman shiga? Ƙarshenta sai a ɗauko mutum daga Abuja ko Legas a biya masa otal, ya zo bai san unguwar Tumfure daga ta Pantami ba, mu ɗin nan da aka ce ba mu cancanta ba mu za a kira mu yi masa aikin a ba mu na cefane.

Wani abin kuma, jarrabawar Amurka ba za ta tambaye ka detom ɗin Minna ba, ba ruwanta da dokar amfani da ƙasa ta 1978, ba ta san takardar mai unguwa da ta dagaci da C of O ba balle yadda ake samun fili ɗaya da takardu uku. Ita ma ta Esri ba ta dace da mu ba, don yawancinmu QGIS muke amfani da shi saboda kyauta ne kuma halal, lasisin ArcGIS ya fi ƙarfinmu, masu amfani da shi a garin nan da yawa kowa ya san ta inda suka samo nasu, ba sai na faɗa ba.

Na daɗe ina tunanin me ya sa hatimin safiyo yake da kwarjini, takardarmu kuma ba ta da shi. Ba don safiyo ya fi kowa ƙwaƙwalwa ba ne, ku yafe min iyayena. Dalilin shi ne SURCON, hukumar da ke kula da aikin safiyo a Najeriya, wadda aka kafa tun 1989, ita ke yi masa rajista bayan ya yi zaman koyon aiki a ƙarƙashin babba ya ci jarrabawa, kuma in ya yi ha'inci ana iya hukunta shi har a cire sunansa. Wato yana da abin da zai rasa, shi ya sa hannunsa ke rawa kafin ya sa hannu a kan ƙarya. Mu fa? Tun da aka fara AGIS, ofishin GIS na filaye, a Abuja a 2003 jihohi suke ta komawa ajiye bayanan filaye a kwamfuta, Kaduna da KADGIS, Bauchi da BAGIS, mu nan da GOGIS, kuma ci gaba ne da muke murna da shi. Amma ma'anarsa ita ce a duk faɗin ƙasar nan, a ofis ko a kamfani, wanda ke zaune gaban rumbun bayanai yana riƙe da amanar da ta kai ta mai hatimi, don da linzamin kwamfuta zai iya jan layin iyaka ya matsa, zai iya kwafe sunaye da lambobin waya da wuraren gidajen mutane a filashi ya fita da su. Akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, amma je ka tambayi masu satifiket ɗin kwana uku ko an taɓa ambata musu ita. Wannan mutum ba rajista, ba rantsuwa, ba wanda zai ƙwace masa komai.

Na uku, kuma a nan ina roƙon a saurare ni da haƙuri, akwai 'yar tsama tsakaninmu da wasu manyan safiyo. Suna ganin mu 'yan jogirafi da 'yan kwamfuta da 'yan tsara birane mun zo cin abincinsu ne. Gaskiya akwai laifinmu, akwai yaranmu da ke buga takarda su kira ta sabe filan, wato takardar awon fili ta safiyo, su karɓi kuɗin mutane, wannan zamba ce kuma ba ma goyon baya, auna kan iyaka da sa hannu a kai aikin mai rajista ne, magana ta ƙare. Amma aikin GIS ya fi auna fili faɗi nesa ba kusa ba. Da taswirar ƙauyuka da rugage da wayoyi masu GPS aka riƙa bin sawun masu allurar shan inna a Arewa har aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali a 2020. Da shi aka shata yankunan ƙidayar da aka shirya yi a 2023, wasu a zaurenmu sun taka ƙafa a irin waɗannan ayyuka, sun kwana a ƙauyukan da mota ba ta shiga. Noman rani a Dadin Kowa, burtali da rikicin manoma da makiyaya, inda ya kamata a sa sabuwar makaranta, duk aikinmu ne kuma ba ya buƙatar hatimi. To tunda ba a zauna an raba aikin a fili ba, sai ya zama mai hatimi yana hararar mu, mu kuma ba mu da gidan da za mu ce namu ne a nan kusa.

In kuma ka ce bari in je in yi karatun da kowa zai yarda da shi, sai a nuna maka makarantar safiyo ta tarayya da ke Oyo, ko AFRIGIST da ke Ile-Ife wadda a da ake kira RECTAS. Wurare ne masu kyau, amma daga Gombe tafiyar yini da kwana ce, ga kuɗin makaranta ga na zama. Matar aure mai yara biyu, irin 'yar uwarmu da na ambata, ba za ta iya ba ko da kuɗin.

Don haka ga abin da muke roƙo, kuma ba mu ga wanda ya fi ƙarfinku a ciki ba.

Masu ɗaukar aiki, don Allah ku kunna kwamfuta ranar intabiyu. Awa ɗaya ta isa. A ba mutum tsohuwar takardar safiyo da hoton sama a ce ya ɗora ɗaya kan ɗaya ya faɗi a wane detom yake aiki da dalilinsa, a ba shi tebur mai kurakurai ya gyara, ya fitar da taswira mai sikeli da alamar arewa da bayanin inda ya samo bayanansa. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kuma in za ku rubuta satifiket a sanarwa ku faɗi wanne, daga ina, sannan ku ƙara cewa ko shaidar ayyukan da mutum ya yi, don a daina zubar da masu shekaru a fagen aiki saboda takardar otal. GISP kuwa a bar ta ga manyan muƙamai, a matsayin ƙarin daraja ba sharaɗi ba.

Malamanmu da iyayenmu safiyo, muna roƙon ku zauna tare, reshen jiha na ƙungiyar safiyo ta NIS da 'yan GEOSON, ƙungiyar masu harkar bayanan taswira ta ƙasa, da sassan jogirafi na jami'ar jiha da ta Kashere, ku gayyato sashen safiyo na ATBU tunda Bauchi nan ce kusa, har da cibiyar nazarin hotunan tauraron ɗan adam da ke Jos in zai yiwu, ku tsara jarrabawar aiki guda ɗaya da za a riƙa yi a nan Gombe ko da sau biyu ne a shekara. A biya da naira. A bar mutum ya zaɓi QGIS ko ArcGIS. A sa detom a ciki, a sa dokar ƙasa, a sa amanar bayanai, kuma a bari mutane su faɗi, ko ɗan wane ne. Wanda ya ci a sa sunansa da lambarsa a rajistar da kowa zai iya dubawa a waya, a sa wa'adin sabuntawa, sannan a buɗe ƙofar kai ƙara ta yadda irin kawuna zai san inda zai dosa, wanda aka kama da ha'inci a goge sunansa kowa ya gani. Mun san ba ku da ikon yin doka, ba kuma muna cewa ku kafa kishiyar SURCON ba ne, amma in manyan ofisoshi uku huɗu suka ce wannan rajistar suke dubawa, sauran za su biyo.

Masu shirya bita su ma a sa musu ƙa'ida, takardar halarta daban takardar ƙwarewa daban, a rubuta ɓaro-ɓaro a jiki da adadin awannin da aka yi.

Sai kuma a fitar da takarda ɗaya, ko shafi guda ne, da Hausa da Turanci, mai bayanin aikin da sai safiyo mai rajista da wanda mai GIS zai iya yi, a kai wa hakimai da dagatai da masu unguwanni da dillalan filaye, don su san ba duk abin da ya fito daga firinta mai launi ne hujja ba.

Na ƙarshe, kamfanin da ya ci kwangilar taswira a jihar nan ya ɗauki nauyin jarrabawar ƙwarewa ta ko da mutum biyu ne daga cikin yaran da suka yi masa aiki, kuma in aiki ya ƙare ya ba kowa wasiƙar da ta faɗi takamaiman abin da ya yi da tsawon lokacin, don ko GISP ɗin ma sai da irin wannan shaidar ake nema, mu kuwa yawanci hannu rabbana ake sallamar mu.

Mu a namu ɓangaren mun shirya. In kun sa rana za mu zo da laftof ɗinmu, mu za mu fara zama jarrabawar, in na faɗi a manna sunana a allo ba zan ji haushi ba. Muna da tsofaffin takardu da hotunan da za a iya gwaji da su, kuma 'yar uwar tamu ta ce ita za ta share ɗakin ta jera kujeru in dai za a bar ta ta zauna a ɗaya.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya. Wassalam.

Ɗanku,
a madadin matasa masu aikin GIS na Gombe da kewaye.